Giwar Kurmi da Giwar Sarari

Tun zamanin fatauci masu safarar haure sun san haure iri biyu ne. Akwai na kurmin Kwango da Gabon, siriri, miƙaƙƙe, mai tauri da ɗan ja-ja. Akwai kuma na sarari, kakkaura, lanƙwasasshe. Amma masana dabbobi sun daɗe cikin saɓani a kan giwayen nan, ko jinsi guda ne ko biyu. Wani Bajamushe, Paul Matschie, ya ware ta kurmi a 1900, na bayansa suka mai da ita reshe kurum.

Ma'aunin dā shi ne haihuwa. Doki da jaki sukan haifi alfadari, shi kuwa alfadari ba ya haihuwa, sai aka ce jinsinsu daban. To, giwa ta rikita wannan ƙa'ida, domin a kan iyakar Kwango da Uganda ta kurmi da ta sarari sukan barbari juna, 'ya'yan kuma su hayayyafa.

Daga nan aka koma ga ƙwayar gado, wadda ake kira DNA. Ita kamar rubutu ce mai haruffa huɗu, ɗa yana kwafe ta daga iyayensa. Duk malamin da ya taɓa gwama kwafi biyu na littafi guda ya san lamarin: kowane marubuci yakan yi tuntuɓen alƙalami, na bayansa ya gaje shi, da yawan bambancin kwafi ake gane nisan rabuwarsu da asali. Binciken 2001 da na 2010 suka nuna giwayen biyu sun rabu tun shekaru miliyoyi, cuɗanyar kan iyaka ba ta shafe bambancin ba.

Amfanin abin ya bayyana a 2021, sa'ad da ƙungiyar IUCN ta lissafa su daban daban. Da can yawan ta sarari ya lulluɓe halin ta kurmi. Da aka ware, sai ga shi ta ragu da fiye da kashi 86 cikin ɗari a shekara 31, ga ta da jinkirin haihuwa, sai ta kai wajen shekara 23 take fara ɗa.

An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Hauren da aka kama a tashar jiragen ruwa kuwa, da wannan ilmi Samuel Wasser na Amurka ke faɗin ko na wace giwa ne, da yankin da aka harbe ta.