Wa Ya Tare Ƙofar Rumbu?

(Kiɗan buɗe shiri)



Kwanan baya na tsaya gaban wata rumfar POS a Ƙauran Namoda. Wani dattijo ya sayar da wake, an turo masa kuɗinsa ta waya, ya zo cira. Yaron ya soka kati, ya danna, abin ya yi ta juyi. Ya ce, "Baba, a yi haƙuri, matsalar netiwok ce." Dattijon ya leƙa fuskar na'urar, ya ce, "Ɗana, ai ga sandunan nan a cike." Yaron ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, amma tambayar ta biyo ni har gida.

Mu 'yan Zamfara ba sai an koya mana ɗacin rashin layi ba. A watan Satumba na 2021 an kashe layukan waya a jihar nan baki ɗaya saboda matsalar tsaro, muka yi makonni ana tafiya wata jiha don a ji muryar ɗan'uwa. Har yau ma galibin tsaikon da muke gani daga nan kusa ne: man janareton turken sadarwa ya ƙare, ko an datse waya a ƙasa. Amma akwai ranar da saƙo yakan bar Ƙaura lafiya, ya isa babbar kwamfutar da ke Legas ko Abuja lafiya, sannan ya tarar da cunkoso a cikin cikinta. Wannan cunkoson ne za mu leƙa yau, da yadda ake gano wanda ya haddasa shi.

Ku ɗauki gidan hatsi. A tsakar gida akwai ma'aikata masu awo, a baya akwai rumbu. Ma'aikatan su ne sassan ƙwaƙwalwar kwamfuta masu yin lissafi, rumbun kuwa shi ne ma'ajiyar da masu sayar da waya ke kira RAM. Kowane ma'aikaci yana da 'yar ƙwarya a gabansa, amma da ta ƙare dole ya aika rumbu. Duk hanzarin hannunsa, idan ƙofar rumbu ta cushe sai ya zauna jira. A 2022 kamfanin AMD ya fitar da wata ƙwaƙwalwa mai ma'aikata 96 da ƙofofin rumbu 12. Ku yi lissafi: mutum takwas ga ƙofa ɗaya.

Kuma gidan ba na mutum ɗaya ba ne. Irin waɗannan kwamfutoci haya ake bayarwa, ɗaki-ɗaki. Aikin banki yana nan, kusa da shi wani yana tace bidiyo, can gefe wani yana tankaɗe tarin bayanai. Mai bidiyo ya jero buhuna ba tsayawa, mai aikin banki da 'yar tiyarsa guda ya rasa ta inda zai ratsa. Masu wannan sana'a suna da suna ga irin wannan ɗan haya, suna ce masa maƙwabci mai hayaniya. Abin da ya daɗe yana ba su wahala shi ne, idan an duba sai a ga rumbu da sauran wuri, ma'aikata ma ba su gaji ba, amma aiki ba ya tafiya. A da babu wanda ke ƙirge a bakin ƙofa.

Mai gidan da ke raba wa kowa wuri shi ne zuciyar manhaja, wadda ake kira kanel. Wadda ta fi yawa a manyan kwamfutocin duniya ita ce ta Linux, da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Ita ce kuma a cikin wayar Android da ke aljihunka. A 2016 kamfanin Intel ya saka maƙirga a jikin ƙwaƙwalensa na Xeon, masu iya lissafa abin da ya ratsa ƙofar rumbu. A 2017 Linux ta samu wani sashe mai suna resctrl, ta nan mai kula da kwamfuta ke yi wa maƙirgan magana.

Wanda ya taɓa ganin lodi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya riga ya san dabarar. Kowane ɗan kasuwa yana sa wa buhunsa alama da fenti ko gawayi, don kada kaya su cakuɗe a bayan mota. Haka mai kula da kwamfuta ke yi. Yakan buɗe rukuni, ya zuba ayyukan ɗan haya guda a ciki, kanel ta ba rukunin lamba. Daga nan duk lokacin da aka miƙa wa wani aiki ƙwaƙwalwa, sai kanel ta maƙala lambarsa, duk abin da ya ɗebo daga rumbu a rubuta da sunansa. Littafi biyu ake buɗewa. Ɗaya na jimillar komai, ɗaya na abin da aka ɗebo daga rumbun kusa kaɗai. Don babbar kwamfuta takan zama gida biyu a haɗe, kowanne da rumbunsa, kuma ɗebowa daga na maƙwabta ya fi cin lokaci. Idan jimilla ta yi wa na kusa nisa, to an zaunar da ma'aikaci a wani gida, hatsinsa yana wani gida.

Akwai wani ɗan abu da ya burge ni a nan. Maƙirgan farko gajeru ne, da sun kai miliyan 16 da 'yan kai sai su koma sifiri. Kamar carbi ne: idan ka zagaye ka dawo kan liman ba ka riƙe zagaye nawa ka yi ba, lissafi ya ɓace. Saboda haka kanel take zagayawa kowace daƙiƙa, ta karanta kowane maƙirgi, ta tara a nata babban littafi kafin ya juya. Ba ta barci, ba ta fashi.

To, sai mu zo ga inda na fi so mu daɗe, wato saiti. Me za a ƙirga? Buhun da ya fito kaɗai, ko har wanda aka mayar? Na rumbun gida, ko har na maƙwabta? A da, maƙerin ƙwaƙwalwa ne ke yanke wannan hukunci, kai dai karɓa kawai. A 2023, cikin Linux ta 6.3, aka shigar da wata dama ta ƙwaƙwalen AMD da ta miƙa zaɓin hannun mai kula. Zirga-zirga iri bakwai ce, kowacce da makunninta: ɗebowa daga kusa, ɗebowa daga nesa, zubawa kusa, zubawa nesa, ɗebowa daga rumbu mai nawa na kusa da na nesa, sai kuma ragowar ƙwarya da aka canza ake mayarwa rumbu. Idan ba a taɓa komai ba, littafin jimilla yana ɗaukar duka bakwai, na kusa yana ɗaukar uku.

Amma wannan saiti ba na ɗan haya guda ba ne. Idan ka canza shi a wani sashe na ƙwaƙwalwar, ya canza ga duk rukunan da ke wurin, kuma lissafinsu na baya ya goge. Daidai yake da a wayi gari an sauya tiya a kasuwa. Wanda ya kwatanta awon jiya da na yau ba tare da ya sani ba, zai ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Shi ya sa a ganina duk mai taɓa wannan makunni ya wajaba ya rubuta rana da sa'a, ya kuma sanar da abokan aikinsa.

Kanel kanta ta nuna irin wannan gaskiyar. Bayan an canza saiti, karon farko da ka buɗe littafi ba za ta rubuta maka sifiri ba. Za ta ce lissafi bai samu ba tukuna. Sifiri yana nufin wane bai ɗebi komai ba. Wannan kuwa yana nufin ban ga abin da ya ɗiba ba. Na so a ce duk mai riƙe da littafin jama'a, daga sito har ofis, yana bambance waɗannan biyun.

Akwai kuma ƙarancin maƙirga. A ƙwaƙwalen AMD lambobin rukuni sun fi maƙirgan yawa, ta yadda idan 'yan haya suka yi yawa, maƙirgi yakan bar wannan ya koma kan wancan, lissafi ya yi giɓi. An daɗe ana gyara da sake gyara kafin a amince da mafita: mai kula ya ɗaure maƙirgi a kan rukunin da ya zaɓa, ya zauna nan har sai an kwance shi. Wanda bai samu ba, a rubuta a fili cewa ba a ba shi maƙirgi ba.

Idan an gano mai tare ƙofa, a cikin resctrl ɗin nan ake rage masa hanya. Ana iya ba shi kaso cikin ɗari, ko a yanka masa adadin da ba zai wuce ba a daƙiƙa, kanel ta riƙa duba maƙirgi tana matsewa tana sassautawa. Kun ga ke nan idan ƙirgan ya karkace, matsin ma a kan marar laifi zai sauka.

Ga ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, wannan kira nawa ne gare ku. Yawancin kwamfutocin cinya ba su da waɗannan maƙirga, sai manya. Amma rubutun kanel a buɗe yake kyauta, bayanin resctrl yana cikin takardunta, kuma tsohuwar babbar kwamfuta mai Xeon ta 2016 ta isa a yi gwaji. Ku buɗe rukuni biyu, ku saki aiki mai haɗama a ɗaya, ku karanta littafin yanzu, ku sake karantawa bayan daƙiƙa goma, ku ɗebe na farko daga na biyu. Idan kun yi, ku aiko mana da abin da kuka gani, za mu karanta a wannan fili.

 

(Kiɗan rufe shiri)