Daga Ɗarfa Zuwa Python: Zaɓin Ɗalibin Buji Tsakanin Kwamfuta da Falaki

Ana saura 'yan kwanaki a rufe rajistar JAMB wani ɗan yayata da ke Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, ya kira ni a waya. Ko gaisuwa a gurguje ya yi ta. "Kawu, gurbin kwas ne ya tsaye mini. Raina yana kan ilimin taurari, amma kowa cewa yake in cike kwamfuta, wai a nan abinci yake." Na tambaye shi me mahaifinsa ya ce. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce Baba tambaya ɗaya ya yi: ko duba zai je ya koyo?

Kada a yi wa dattijon dariya. A kunnen Bahaushe, "ilimin taurari" suna ɗaya ne da ya lulluɓe abu biyu. Akwai na masu gaya maka tauraronka da na matar da za ka aura, wanda malamai suka daɗe suna jan kunne a kansa. Akwai kuma falaki, lissafin tafiyar rana da wata da taurari, wanda da shi ake fitar da alƙibla da lokutan salla. Wannan na biyun, dattijon da kansa yana aiki da shi duk shekara. Manoman ƙasarmu sun gaji lissafin taurari 28 da suka raba shekara, kowace kwana 13, ɗaya ta ɗauki 14 don a cika 365. Da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha ake auna inda damina ta kai. Yaron da ya tashi a Ahoto ko Kawaya ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, tun kafin ya taɓa riƙe littafin kimiyya. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi da falaki ya yi suna a can, ko da yake shi ma rubuce-rubucensa sun taɓa ɓangarorin nan biyu.

Masu cewa ya cike kwamfuta ma suna da hujja, kuma hujjar tasu a ƙofar gida take. Tun farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Saminu Turaki, Jigawa ta buɗe makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su san amfanin abin ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana koyar da kimiyyar kwamfuta. Shugaban hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, da aka naɗa a 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, mutumin Haɗeja ne. A 2023 gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 a wannan fanni. Hanya ce da aka share, kuma uba yana iya nuna ɗan maƙwabci da ya bi ta ya sayi babur.

Hanyar falaki kuwa siririya ce, kuma ba ta biyo ta Dutse ba. Gidan falaki a Najeriya shi ne Nsukka, inda jami'ar garin take da sashen Fiziks da Falaki, kuma a nan hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta ajiye cibiyarta ta binciken sama. Wanda ya dasa wannan iri shi ne Farfesa Samuel Okoye. Ya yi digirinsa na uku a Kambirij ta Ingila a ƙarƙashin Antony Hewish, kuma tare suka gano wani ɗan ƙaramin wuri a sama da ke aiko da igiyar rediyo mai ƙarfi, wanda daga baya aka tabbatar gawar tauraro ce mai juyawa da gudu. Hewish ya karɓi kyautar Nobel a 1974. Okoye ya dawo gida ya koyar. Wanda zai bi sawunsa yau sai ya yi digiri na farko, da na biyu, da na uku, abin da ba ya kasa shekara goma, galibi ya ƙarasa a ƙasar waje, sannan ya zo ya tarar guraben aikin ba su da yawa. Na faɗa wa yaron wannan ban rage masa komai ba, don ɓoye shi zalunci ne.

Sai dai akwai abin da masu ba shi shawara ba su sani ba, shi ma bai sani ba. A ransa, masanin falaki mutum ne da ya kafa ido a madubin hangen nesa cikin dare. Wannan hoton ya tsufa. Na'urar MeerKAT da Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2018 a busasshen yankin Karoo faranti 64 ce, kuma ba ta da inda ake leƙawa da ido. Lambobi take zubowa, sai an rubuta manhaja ta tace su kafin su zama hoto. Cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a watan Yunin 2025, an gina ta ne don ta riƙa tara bayanai kimanin terabayit 20 a kowane dare. Babu adadin mutanen da za su zauna su duba wannan da ido. Hoton baƙin rami na farko da duniya ta gani a Afrilun 2019 ma ba ɗauka aka yi kamar na ɗaurin aure ba. Bayanan na'urori takwas ne daga sassan duniya aka haɗa da lissafi, kuma cikin waɗanda suka yi fice a aikin har da Katie Bouman, wadda asalin karatunta injiniyanci da kwamfuta ne. Masanin falaki na yau yawancin yininsa a gaban allo yake, yana rubutu da harshen Python yana neman inda ya yi kuskure.

To, in haka ne, me zai hana ya cike kwamfuta kawai ya huta? A nan ne na saɓa da jama'a. Kayan biyu ba nauyinsu ɗaya ba wajen koyo. Rubuta manhaja abu ne da mai naci yake iya koya a ɗaki, da tsohuwar kwamfutar hannu da data da ɗan farantin sola, kuma masu ɗaukar aiki sun fi tambayar abin da ka gina a kan takardar da ka riƙo. Fiziks da zurfafan lissafi ba su cika koyuwa haka ba. Suna son malami, da ɗakin gwaji, da jarrabawar da za ta tilasta maka zama kan abin da ba ka so. Wanda ya karanta Fiziks yana rubuta manhaja a gefe, ƙofa biyu ce a gabansa: in falaki ya karɓe shi, madalla, in bai karɓe shi ba, banki da kamfanin sadarwa suna neman mai lissafin da ya iya sarrafa bayanai. Wanda ya karanta kwamfuta zalla, in sha'awar sama ta taso masa daga baya, zai iya shiga a matsayin mai gina kayan aiki, amma zama mai yin tambayar da kansa zai yi masa wuya. Ga kuma wani abin lura: tun da ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan rubuta manhaja da sababbin shiga suke fara cin abinci da su sun fara arha. Abin da bai yi arha ba shi ne sanin wace matsala ake warwarewa.

Wannan shawara tana da sharaɗi, kuma sharaɗin lissafi ne. Son kallon sama daban, son falaki daban. Kowa ya ji daɗin husufin ranar 29 ga Maris, 2006, lokacin da duhu ya rufe Gusau da Katsina da Maraɗi da hantsi, kaji suka nufi akurki. Amma wanda ya tambayi yadda aka san ranar da mintin tun shekaru kafin ta zo, kuma bai gudu ba da aka buɗe masa shafin lissafin, shi ne ɗan hanya. Wanda lissafi yake sa masa ciwon kai, kwamfutar ma ba za ta raga masa ba.

Sauƙin da ke ciki shi ne darussa huɗu ɗaya, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, suna buɗe kwasa-kwasan biyu, Fiziks da kwamfuta, a JAMB, kuma ana karanta Fiziks a nan Dutse ko a Jami'ar Bayero ta Kano ba sai an tafi Nsukka tun farko ba. Bayan digiri akwai tsani. Shirin NASSP na Afirka ta Kudu, da ya fara a 2003, yana ɗaukar ɗaliban Afirka su karanta falaki. Cibiyoyin lissafi na AIMS suna Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. Makarantar bazara ta matasa masu sha'awar falaki a Afirka ta Yamma a Abuja aka fara ta a 2013. Tsakanin hanyoyin biyu kuma akwai wata ta uku da ta fi kusa da tukunyar mutanen Jigawa: juya madubin ya kalli ƙasa. Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko, NigeriaSat-1, a 2003, kuma akwai cibiyar nazarin hotunan irinsa a Jos. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a jihar nan ya san darajar mutumin da zai karanta hoton kogin Haɗeja daga sama ya ce ga ƙauyen da ruwa zai fara ci.

Ban cike masa gurbin ba. Aiki na ba shi. Na ce ya sauke Python a kwamfutar yayansa, ya nemo inda Gantsa take a taswira, tsakanin digiri 11 da 12 arewa da tsakiyar duniya, ya rubuta 'yar manhajar da za ta faɗa masa minti nawa jinjirin wata zai yi a sama bayan faɗuwar rana, ran 29 ga watan Musulunci mai zuwa. In ya samu amsa, ya ɗauki mahaifinsa su fita bayan gari da magariba, inda babu fitila ko ɗaya, su fuskanci yamma da agogo a hannu. Ya ce, "Kawu, in lissafin bai yi daidai ba fa?" Na ce ya koma ya nemo layin da ya ɓata, ya jira wata na gaba.