Otuocha: Garin Da Kogi Ke Yanka Wa Doya Farashi

OTUOCHA, Jihar Anambra. Matafiyin da ya baro Anacha da sassafe ya bi ta Nsugbe, in dai hanya ba ta cushe ba, kafin awa guda ta cika zai sami kansa a bakin Kogin Omambala, inda kwale-kwale da jiragen katako masu inji ke jere a gaɓa, 'yan dako na kwaso doya daga cikinsu suna hawa tudu da ita zuwa inda manyan motoci ke jira. Wannan shi ne Otuocha, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Anambra ta Gabas. Ƙaramin gari ne, amma abin da ke bi ta cikinsa na abinci ya fi ƙarfin girmansa nesa ba kusa ba.

Sunan garin da harshen Ibo yana nufin farar gaɓa, saboda farin yashin da ke bayyana a bakin kogin idan ruwa ya janye. Shi kuwa kogin, wanda Turawa suka juya sunansa zuwa Anambra har jihar ta ci sunansa, yana tasowa ne daga tuddan Ankpa a Jihar Kogi, ya gangaro kudu ya haɗu da Kogin Ezu a ƙasar Aguleri, sa'an nan ya faɗa cikin Kogin Neja kusa da Anacha. Tsakanin Omambala da Neja akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama wadda mutanen Anam ke zaune a cikinta, kuma daga nan ne mafi yawan doya da rogo da dankali da kifin da ake gani a Otuocha ke fitowa.

Kasuwar kwana huɗu

Abu na farko da baƙon ɗan kasuwa zai koya a nan shi ne lissafin kwanaki. Makon gargajiya na Ibo kwana huɗu ne, wato Eke da Orie da Afo da Nkwo, kuma babbar kasuwar Otuocha ranar Eke take ci. Ma'ana ita ce kasuwar ba ta da tsayayyar rana a cikin makon da aka saba da shi: idan ta ci Talata, ta gaba Asabar ce, ta bayanta kuma Laraba. A shekara tana ci kimanin sau 91, alhali kasuwar mako-mako irin ta Maigatari da ake jira ranarta sau 52 kawai take zagayowa. Falken da bai riƙe wannan lissafi ba yana iya isowa da mota ya kwana uku yana biyan kuɗin jira.

Ranar kasuwa tun kafin gari ya waye jirage ke fara isowa. Ana tara doya tsibi-tsibi gwargwadon girmanta, manya daban, matsakaita daban, ƙananan iri daban. Mata su ne ƙashin bayan cinikin, su ke sari daga manoma, su ke riƙe da harkar garin kwaki da manja da bandar kifi, musamman tarwaɗa. A gefe guda kuma ana samun kayan da suka yi doguwar tafiya daga Arewa, kamar albasa da wake da busasshen barkono, waɗanda akasari ta Anacha suke biyowa kafin su iso. Baya ga doyar ci, Otuocha na ɗaya daga cikin sanannun kasuwannin irin doya a kwarin Neja, tare da Illushi ta Jihar Edo, kuma manoma daga nesa kan zo sayen iri idan lokacin shuka ya gabato.

Alherin ruwa da sharaɗinsa

Sirrin wannan kasuwa yana cikin kalandar kogi. Kowace shekara, daga wajen watan Agusta ruwa kan fara hawa, ya kai maƙura a Satumba da Oktoba, ya rufe fadama, sa'an nan ya janye cikin Nuwamba ya bar sabuwar laka a gonaki. Wannan laka ita ce takin manomin Anam. Da zarar ƙasa ta tsane, tun cikin Disamba da Janairu, sai ya tada tulin ƙasa ya binne irinsa, a daidai lokacin da manomin tudu ke jiran ruwan sama na watanni masu zuwa. Danshin da ambaliya ta bari shi ke riƙe shukar har damina ta sauka.

Saboda haka doyar wannan kwari kan nuna tun Yuli da Agusta, lokacin da tsohuwar doya ta ƙare a rumbuna ko ta tsiro ta yi yauƙi, ita kuwa babbar kakar Binuwai da Nasarawa da Neja da Taraba ba ta cika kasuwa ba tukuna. Wanda ya fara shigo da sabuwar doya birni shi ke cin farashin farko, kuma lokacin ya zo daidai da bukukuwan sabuwar doya da garuruwan Ibo ke yi, inda buƙata ke ƙaruwa. Idan aka tuna cewa Nijeriya ce ke noma kimanin kashi biyu bisa uku na doyar duniya baki ɗaya, za a gane cewa riga kowa shiga kasuwa da makonni shida ko takwas ba ƙaramar dama ba ce.

To amma kogin da ya ba da wannan dama shi ne kuma ke ƙwace ta. Manomin fadama ba ya da ikon barin doyarsa a ƙasa ya jira farashi, domin ruwa na tafe. Haka nan ba ya iya jibge ta a rumbu, saboda sabuwar doya ruwa ne da ita, fatarta ba ta yi ƙwari ba, ƙaramin rauni kan sa ta ruɓe cikin 'yan kwanaki, ga shi kuma rumbun kansa yana cikin yankin da ruwa zai ci. Sakamakon haka, idan labari ya bazu cewa kogi na hawa da sauri, ƙauyuka da dama kan haƙe gonakinsu a mako guda, jirage su yi ta sauke kaya a Otuocha, kasuwa ta cika ta batse, farashi ya karye. A irin wannan rana mai mota da kuɗi a hannu shi ke faɗin yadda za a sayar. Manomin da ya ci bashin iri da na 'yan ƙwadago tun Disamba, ga mai bashi na jiransa a bakin gaɓa, ba ya da bakin ja-in-ja.

Shekarun da ruwa ya wuce iyaka

Ambaliyar kowace shekara mutanen kwarin sun san ta, sun kuma tsara rayuwarsu a kanta. Wadda ke karya jari ita ce irin ta 2012 da ta 2022. A waɗannan shekaru biyu, mamakon ruwan sama ya haɗu da ruwan da aka sako daga madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ya cika ya tarar da Neja a Lakwaja, suka gangaro tare. Idan Neja ya tumbatsa haka, Omambala ba ya samun inda zai zubar da nasa ruwan, sai ya koma da baya ya malale ƙauyuka da gonaki. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a 2012 mutum 363 suka rasu a faɗin ƙasar nan, fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguni, a 2022 kuwa waɗanda suka rasu sun haura 600. A shekarun biyu kusan dukan Ƙaramar Hukumar Anambra ta Yamma ta nutse, makarantu da ɗakunan taro na Otuocha da Aguleri suka koma sansanonin masu gudun ruwa.

Asarar irin wannan shekara ba ta tsayawa a kan amfanin da ruwa ya ci. Iri shi ne kaso mafi tsoka a cikin kuɗin noman doya, kuma manomi daga girbinsa yake ware na baɗi. Idan ruwa ya tafi da iri, ya tafi da kakar shekara mai zuwa ke nan. Bugu da ƙari, waɗanda suka yi ƙoƙarin farfaɗowa bayan ambaliyar 2022 sun ci karo da ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, daidai lokacin biyan 'yan ƙwadago, sa'an nan cire tallafin mai a watan Mayu na wannan shekara ya ninka kuɗin jirgi mai inji da na mota. Madatsar Dasin Hausa ta Jihar Adamawa, wadda aka daɗe ana cewa ita za ta tare rarar ruwan Lagdo, shekaru da dama ta yi tana kan takarda.

Shinkafar Omor

Arewa da Otuocha, a Ƙaramar Hukumar Ayamelum, akwai wani darasi na dabam. A can ne, a garin Omor, Hukumar Raya Kogunan Anambra da Imo ta kafa aikin noman rani mai faɗin hekta 3,850 cikin shekarun 1980 da rancen ƙasar Japan, haɗe da injin casar shinkafa. Manufar ita ce a riƙa noma shinkafa sau biyu a shekara. Sai dai ruwan aikin ba gangarowa yake yi da kansa ba kamar yadda na madatsar Tiga ke isa gonakin Kadawa a Jihar Kano. Da manyan injuna ake janyo shi daga kogi a Ifite Ogwari. Da injunan suka tsufa, kuɗin man dizal da na gyara suka gagara, sai aikin ya yi shekaru a durƙushe, manoma suka koma dogaro da damina kaɗai.

Duk da haka shinkafa ba ta bar kwarin ba. An sanya yankin Adani da Omor cikin shiyyoyi huɗu na wani shirin bunƙasa noma da Bankin Raya Afirka ya ba da rance dominsa, tare da Bida da Badeggi, da Kano da Jigawa, da kuma Kebbi da Sakkwato. Kamfanin Coscharis ya buɗe gona a Anaku da masana'antar casa a Igbariam. Kazalika rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa. Abin lura ga mai jari shi ne, shanshera tana ajiyuwa, doya sabuwa ba ta ajiyuwa. Wannan bambanci kaɗai ya sa mai shinkafa ke da sararin jiran farashi wanda mai doya ba shi da shi.

Zaman lafiya ma jari ne

Ba za a yi maganar Otuocha ba tare da ambaton rikicin filinta ba. Al'ummomi uku ne ke zaune a garin: Aguleri da Umuleri, wadda ake kira Umueri a yau, da kuma Umuoba Anam. Darajar gaɓar a matsayin tashar ciniki ita ta jawo Kamfanin Royal Niger ya nemi fili a wurin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ita ce ta haddasa jayayya tsakanin Aguleri da Umuleri kan wane ne mai ƙasar. An shiga kotu tun 1933, magana ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a 1984 ta yanke cewa babu ɓangaren da ya tabbatar da mallakar filin shi kaɗai. Hukuncin bai kashe wutar ba. A 1995 da kuma 1999 an gwabza faɗa, an yi asarar rayuka masu yawa, an ƙone gidaje da shaguna da makarantu, kasuwa ta watse, fatake suka karkata zuwa wasu wurare. Sai da aka ɗauki shekaru bayan sulhu kafin ciniki ya koma yadda yake.

Akwai kuma dokar zaman gida ta ranar Litinin da masu fafutikar Biyafara suka ƙaƙaba wa Kudu maso Gabas daga Agusta 2021, wadda ta yi shekaru tana gurgunta sufuri da ciniki. Bisa lissafi, ranar Eke kan faɗo kan Litinin sau ɗaya a kowane kwana 28. Ga mai kayan da ke ruɓewa, rasa kasuwa guda daidai yake da jiran ƙarin kwana huɗu da doya a rana.

Inda riba take

Manyan ayyuka sun zo kusa da garin. A watan Agusta 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da haƙar man fetur a Aguleri Otu, makonni kaɗan kafin ambaliya ta rufe yankin. A Disamba 2021 filin jirgin sama na Umueri ya fara aiki, aka kuma raɗa masa sunan marubuci Chinua Achebe a 2023, shekarar da aka buɗe gada ta biyu a kan Neja a Anacha. Amma abin da manomin Anam ke nema bai kai waɗannan tsada ba: hanyar da mota za ta bi da damina, rumfar ajiya a kan tudu mai shan iska, wurin adana iri da ruwa ba ya kaiwa, sanarwar hawan kogi a kan lokaci, da rancen da za a biya bisa kakar fadama maimakon kakar tudu.

A nan ne kuma ƙofa take ga ɗan kasuwa. Motar da ta sauke albasa ko wake a Anacha cikin Yuli ko Agusta, tafiyar awa guda ce tsakaninta da lodin sabuwar doya, maimakon ta juya wayam. Mai injin niƙa da busarwa zai sami rogon da ake tumɓukewa da gaggawa kafin ruwa ya iso a farashi mai sauƙi, ya mayar da shi garin da zai yi watanni bai lalace ba. Mai sito a Otuocha ko Aguleri, inda ƙasa ke da tudu, yana iya ajiye iri da shanshera ya fitar a lokacin da ake nema. Sharaɗin dai shi ne a shiga ta hannun ƙungiyoyin kasuwar da amintaccen dillali ɗan gari, a san ranar Eke, a kuma kasa kunne ga labarin Lagdo da Lakwaja kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami. Idan ruwa ya wuce Lakwaja, 'yan kwanaki ne suka rage ya iso gonakin Anam, kuma daga wannan rana farashin doya a Otuocha ya fita daga hannun mai saye da mai sayarwa.