Wa Ya Rage Yana Yi wa Yaran Dakko Tatsuniya?

Da Jimi Solanke ya rasu a watan Fabrairun 2024, yana da shekara 81, an yi kwana da kwanaki jaridun Kudu da shafukan sada zumunta ba su da zance sai nasa. Magidanta masu furfura suka dinga tuna yadda yake zama da jitarsa a shirin Storyland na NTA, yara kewaye da shi, yana ba su labari. Mu ma a Arewa mun yi namu jimamin: Kasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, a Nuwamban 2023, sai Abdullahi Shu'aibu Karkuzu a Jos cikin Maris na 2025. Sai dai waɗannan duk 'yan wasan manya ne. Yara sun raɓu ne da iyayensu suka kalla. Tambayi ɗan shekara arba'in da 'yan kai a Talatar Mafara ko Bakura wa ke gabatar da shirin yara na Hausa a zamanin ƙuruciyarsa, zai kwatanta maka ɗaurin ɗankwalinta da yadda take tafa hannu, amma suna sai dai ya ce maka "Anti".

Dakko da sauran garuruwan Bakura da Mafara da Maradun duk a cikin tsohuwar Jihar Sakkwato suke, har zuwa 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Zamfara. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, sannan a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, har da ta Sakkwato. Mafara na kusan tsakiyar hanyar Sakkwato zuwa Gusau, don haka hoton da ke isowa kan iso a gajiye. Aikin madatsar ruwa ta Bakolori, da aka kammala a 1978, ya tara ma'aikata da 'yan kwangila a yankin, kuma a irin gidajensu, da na malaman makaranta da manyan 'yan kasuwa, aka saba ganin akwatin.

Wanda ya taso a lokacin ya san yadda abin yake. Akwati ne baƙi-da-fari, wani har da ƙofar katako da ake ja a rufe shi. Inda babu wutar NEPA, batirin mota ake jonawa, in ya fara sanyi hoton ya dinga tsukewa har ya koma ɗan ɗigo a tsakiya. Eriya tana can kan doguwar gora a bayan ɗaki, a tura yaro guda ya riƙa murɗa ta, na ciki suna ihu: "Ƙara kaɗan! Ya yi, ya yi, bar shi nan!" Shi mai murɗawar sau da yawa da kunne yake kallo. Tasha ba ta buɗewa sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, da taken ƙasa, kuma sa'o'in farko na yara ne. Uwargida na tsaye bakin ƙofa tana cewa, "Ku tai ku wanko ƙafafunku tukuna." Wanda ya yi faɗa da ɗan gidan a makarantar allo da safe, ranar nan ta taga zai leƙa.

Shirin da ya fi zama a zukatan mutane a duk ƙasar shi ne Tales by Moonlight, wanda Victoria Ezeokoli ta ƙirƙiro wa NTA a 1984, ake nuna shi yammacin Lahadi, Anti Nkem tana zaune gindin bishiya da yara a gabanta. Da Turanci ake yin sa, kuma yaran ƙauyukanmu ba su tsintar komai sai kalma ɗaya-biyu. Duk da haka ba sa ɓacewa a labarin. Da kunkuru ya fito yana lallaɓa giwa, sun gane Gizo ne ya sauya riga. A gefen wannan kuma akwai shirye-shiryen da tashoshin jiha ke yi da Hausa, waɗanda ake yawan yi wa laƙabi da Yara Manyan Gobe: 'yan firamare cikin kayan makaranta, kacici-kacici, karin magana, gaɗa, gasar tambayoyi tsakanin makarantu biyu, sai yaro ya miƙe a gaban kyamara yana rawar murya ya gai da babansa da malamin ajinsu. Da dare kuma manya su karɓi wuri don wasan Idon Matambayi na Sakkwato ko Samanja daga Kaduna.

A ganina ba ingancin shirye-shiryen ake bege ba. Da za a dawo da su yau, da yawa za su ba mu dariya: labule ɗaya, tabarma, da kyamarar da ba ta motsi. Abin da ake bege shi ne babban mutum da ya zauna takanas don yaro, ya yi masa magana da harshen gidansu, ya tambaye shi, ya kuma jira amsa. Wannan aikin kaka ne da gwaggo, masu gatana bayan sallar isha'i, kuma mai gabatar da shirin gadonsu ta ci. Malamai irin su Ibrahim Yaro Yahaya sun hango ƙimar abin tun farkon shekarun 1970, suka tattara tatsuniyoyi da wasanni cikin littattafan makaranta. Tashoshin ma daga wannan rijiya suka ɗebo.

To me ya kashe su? Kuɗi ne kan gaba. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, an ce tashoshin gwamnati su riƙa neman abin da za su riƙe kansu, kuma yaro ba ya sayen fili. Ɗan siyasa na saye, mai maganin gargajiya na saye. Shirin da ke buƙatar motar ɗauko yara da lemun da za a ba su shi ne farkon wanda aka yanke, aka cike gurbinsa da katun na waje mai arha. Dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu, sannan tauraron ɗan'adam ya shigo gari-gari, yara suka koma Spacetoon da MBC3 suna kallon katun da Larabci. Wayar hannu ta zo ta ƙarasa. Wani abin takaici kuma, kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada a wancan zamani, don haka an sha goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Shi ya sa mai neman fuskar Antin nan a intanet zai sha wahala.

Ba a ce babu komai yanzu ba. Sesame Square ya fara a NTA a 2011, da Kami da Zobi mai son doya, daga baya aka yi na Hausa mai suna Dandalin Sesame. Adamu Waziri ya yi katun ɗin Bino and Fino a Abuja. Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta nuna cewa tashar Hausa zalla na iya tsayawa da ƙafarta. Duk aiki ne mai kyau. Amma 'yar tsana da aka ɗauka a Legas ko Abuja ba za ta taɓa kiran sunan firamaren Dakko ba, ba kuma za ta san bambancin bakin Zamfara da na Kano ba.

A wannan yanki maganar ta wuce begen da. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauki ɗalibai sama da saba'in a Kaya ta Maradun. Aka rufe makarantu, aka katse layukan waya a faɗin jihar. A garuruwa da dama, uwa ba ta barin ɗanta ya fita wasan farin wata. Ke nan yaron ya rasa dandali, ya rasa aji na wani lokaci, shirin da zai ɗebe masa kewa kuma an daɗe da binne shi. A makonnin da babu waya, rediyo ne ya ci gaba da shiga gidaje. Isa ga yara ta irin waɗannan kafafe ba sabon abu ba ne: maƙwabtanmu na Nijar sun gwada koyar da 'yan firamare ta talabijin tun 1964, lokacin da ba su da rabin kayan aikin da muke da su yau.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba su rasa manya ba. Kowace ta ba Zamfara gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. A Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, a Maru akwai Kwalejin Ilimi, a Gusau akwai gidan rediyon jiha da tashar NTA. Shirin yara na rabin sa'a a mako bai fi ƙarfin kowa a cikinsu ba. A samo tsohuwa mai bakin gatana, a haɗa ta da malamar firamare mai fara'a, a riƙa ɗauko yara daga Dakko wannan mako, Maradun mako na gaba, a fara da rediyo tunda shi kowa ke da shi. Wannan karon kuma a faɗi sunan mai gabatarwa a kowane shiri, a kuma adana abin da aka ɗauka.