Loɓawar ƙofar mota a karkara: aikin mai mota ne ko na toliye? Misali daga El Allassane Maïreyrey

1. Gabatarwa

Wannan ƴar takarda ta shafi wata matsala wadda duk mai mota ya sani, amma ba a cika yin rubutu a kanta da Hausa ba, wato idan ƙofar mota ta loɓa, shin mai motar zai gyara ta da hannunsa ne, ko kuwa ya kai ta wurin mai sana'ar? Mun ɗauki misalinmu daga El Allassane Maïreyrey, ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Mayahi, cikin jahar Maraɗi, yankin da hanyoyinsa ke fita zuwa Mayahi da Tasawa. A irin wannan wuri mota ba kayan ado ba ce. Ita ke kai mutane da buhunan gero da wake kasuwa, ita ke kai maras lafiya asibiti. Haka kuma abin da ke loɓa ƙofarta ba safai yake zama karo da wata mota ba: bakin amalanke ne, ko ƙahon sa, ko kututturen da rairayi ya rufe a gefen hanya, ko kaya da aka jingina da ƙarfi.

Dangane da kalmomi, mai gyaran jikin mota shi ne ake kira toliye a Nijar, daga kalmar Faransanci tôlier, a Nijeriya kuwa ana ce masa fanalbita. Fallen ƙarfen da aka yi jikin motar da shi za mu kira shi tol, kamar yadda ake faɗi a garejojin Maraɗi.

Ra'ayin da za mu kare shi ne, girman loɓawar ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko ƙarfen ya miƙe, da ko fentin ya tsage. Za mu kuma nuna cewa hanyar da ta fi kowace tsada ita ce ta tsakiya, wato mai mota ya fara da guduma, sa'annan ya ƙare a wurin toliye.

2. Abin da ke faruwa ga tol idan ya loɓa

Tol ɗin da ke bayan ƙofar ƙaramar mota bai kai milimita 1 kauri ba. Galibi yana tsakanin 0,7 da 0,8. Ba kaurinsa ne ke ba shi ƙarfi ba, siffarsa ce. A masana'anta an matse shi cikin zubi har ya sami ɗan doro da layuka, kuma wannan doron ne ke hana shi kaɗawa kamar fallen rufin ɗaki.

Ƙarfe yana da halaye biyu idan aka danna shi. Idan dannawar ƙarama ce, yakan lanƙwasa ya koma yadda yake da zarar an sake shi, kamar baka. Amma iyakar wannan halin ƙanƙanuwa ce ƙwarai: ƙarfe mai laushi irin na jikin mota, idan aka ja shi fiye da wajen kashi 1 cikin 1000 na tsawonsa, wato kamar milimita 1 a kan mita 1, ba ya ƙara komawa daidai. Ya miƙe ke nan, kuma wurin da ya miƙe yakan ƙara tauri, kamar yadda waya ke taurara a inda aka lanƙwasa ta sau da yawa kafin ta karye.

A cikin loɓawa guda ana samun halayen nan biyu tare. Faffaɗan wurin da ya shige ciki, wanda shi ne ido ke fara gani, sau da yawa bai miƙe ba. Riƙe shi aka yi. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne ɗan karin da ya tashi a gefen loɓawar, da kuma wurin da abin ya buga kai tsaye. Wannan ne ya sa loɓawa mai faɗin faifai da kafaɗar sa ta yi tana iya fita da turi guda, alhali ƴar ƙarama mai faɗin kwabo da tsinin ƙaho ya yi sai ta ci wa gwani rabin yini. Ta farko ƙarfe ne da ya juya. Ta biyu ƙarfe ne da ya ƙaru, kuma ƙarfen da ya ƙaru ba shi da wurin komawa.

A bisa tol ɗin akwai rufi hawa hawa. A motoci da yawa na bayan nan akwai tutiya a jikin ƙarfen, sai fentin kariya da ake yi ta hanyar tsoma jikin motar baki ɗaya, sai shimfiɗa, sai launi, sai mai sheƙi. Duka duka kaurinsu bai wuce wajen kashi 1 cikin 10 na milimita da ƴan kai ba. Muddin rufin nan bai tsage ba, loɓawa muni ne kawai. Idan ya tsage, tsatsa ta sami ƙofa.

3. Iyakar abin da mai mota zai iya

Akwai aikin da muke ganin mai mota ko yaronsa za su iya yi ba tare da ɓarna ba. Idan loɓawar faffaɗa ce, tana tsakiyar ƙofa, babu kari mai kaifi, fenti kuma lafiya lau, sai a cire allon cikin ƙofar, a ɗaga madubi sama, a sa tafin hannu ko katako mai santsi da aka naɗe da tsumma, a tura a hankali daga ciki. Sau da yawa tol ɗin yakan yi ƙara ya koma. Idan an gwada sau biyu ko uku bai koma ba, to a tsaya nan, domin ƙin komawar tasa ita ce shaidar cewa akwai karin da ke riƙe da shi.

Dabarar zuba tafasasshen ruwa, wadda ta yaɗu ta hanyar hotunan wayar salula, tana aiki ne a kan roba, kamar bambar motocin yanzu, domin roba na yin laushi da wannan zafin. Ƙarfe bai san an yi ba.

Aiki na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko amfani, shi ne tsare ƙarfen daga tsatsa. Idan fenti ya ɓare, a goge wurin har ƙarfe ya fito fes, a shafa fentin kariya, ko da loɓawar tana nan. Yanayin arewacin Maraɗi yana taimakawa a nan, domin rani ya fi damina tsawo nesa ba kusa ba, kuma tsatsa ba ta gudu a busasshiyar iska kamar yadda take yi a Kwatano. Sai dai akwai wani abu da ake mantawa. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƴan ramuka na fitar ruwan da ke bin madubi ya shiga ciki. A hanyoyin rairayi ƙura takan toshe su, idan damina ta sauka sai taɓo ya kwanta a cikin ƙofar, ya ci ta daga ciki. Tsinke guda ya isa buɗe su. Ƙofofi da yawa da ake gani sun ruɓe daga ƙasa, wannan ne ya kashe su, ba loɓawa ba.

Inda ɓarna ke farawa shi ne ɗaukar guduma. Wanda bai koyi aikin ba yakan nufi tsakiyar ramin ya buga daga ciki, tunda nan ne ya fi zurfi. Kowane bugu yana ƙara miƙa ƙarfen da dama ya riga ya miƙe, sai a wayi gari rami ɗaya ya zama ƙuraje goma, tol ɗin kuma ya koma yana shiga yana fita idan an taɓa shi, kamar gindin gwangwani.

4. Maƙeri da toliye

A ƙauye akwai wanda ake fara tunawa da shi idan an ce ƙarfe, shi ne maƙeri. Ba raina sana'arsa muke yi ba. Wanda ke ƙera hauya da gatari, ya gyara amalanke, ya san ƙarfe fiye da yawancinmu. Amma iliminsa na ƙarfe mai kauri ne, wanda ake gasawa ya yi ja, a ɗora bisa uwar maƙera a buga da masaba domin a miƙa shi. Aikin ƙofa kishiyar wannan ne: ƙarfe siriri, a sanyi, kuma abin da ake gudu shi ne miƙewa. Idan maratayin ƙofa ne ya karkace, ko ƙarfen bodin ɗaukar kaya, maƙeri zai yi amfani. Bayan ƙofa kuwa ba fagensa ba ne.

Toliye yana bin loɓawar ne da baya da baya: abin da ya lanƙwashe a ƙarshe shi ake fara saki. Yana farawa daga karin gefe, yana matsowa tsakiya. Yana aiki da ƴar guduma mai faɗin fuska a hannu ɗaya, da dunƙulen ƙarfe mai santsi a ɗaya hannun, wanda Faransawa ke kira tas, yana tokare da shi daga baya. Idan ya buga daidai kan dunƙulen, ƙarfen yana miƙewa. Idan ya buga a gefensa, tudu na sauka, kwari na tasowa. Bambancin wuraren biyu bai fi faɗin yatsa ba, kuma kunne ne ke gane shi ta sautin bugun. Wannan ne yaron gareji ke shekaru yana koyo.

Inda ƙarfe ya miƙe, sai ya tsuke shi da wuta: ya gasa ɗan wuri kamar girman kwabo har ya yi ja, ya bubbuga kewayensa, ya sanyaya da jiƙaƙƙen tsumma. Dabarar tana aiki, amma tana da farashi. Tutiya na narkewa a wajen digiri 420, ƙarfe kuwa ba ya yin ja sai ya wuce haka da nisa, saboda haka duk inda wuta ta taɓa kariyar ta ƙone ciki da waje. Toliye na kirki yakan shafa kariya a cikin ƙofar ma, inda mai mota ba zai gani ba. Akwai kuma wani abu. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, ƙarfensu mai laushi ne, yana jure wuta da guduma. Motocin da ke shigowa na hannu daga Turai yanzu suna da wata sanda ta ƙarfe mai ƙarfi a gicciye cikin ƙofa, domin kare fasinja idan an bugi motar ta gefe. A Amurka ƙa'idar ƙarfin ƙofa ta fara aiki tun 1973, a Tarayyar Turai kuwa gwajin karo ta gefe ya zama dole a 1998. Idan sandar nan ta lanƙwashe, ba a gasa ta a miƙe, domin wuta na kashe ƙarfinta. Sai a nemi wata ƙofar, kuma a nan ne kasuwannin kayan mota na hannu, na Maraɗi ko Ƙofar Ruwa ta Kano, suke shigowa.

Sai batun mastik, wato ƙullin da ake cike ƴan kwarurrukan da suka rage. An yi shi ne domin siririn shafe, milimita 2 ko 3, bayan an gama daidaita ƙarfe. Ana haɗa shi da maganin daskarewa kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma cikin ƴan mintoci yake kamawa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, yakan kama tun kafin a gama shafawa. Mai gaggawa, ko mai motar ne ko toliyen da aka matsa wa a kan farashi, yakan bar ramin yadda yake ya cika shi da mastik. Ranar farko ƙofa sai sheƙi. Amma mastik mai kauri ba ya bin ƙarfe wajen lanƙwasa, ga girgizar hanya, ga buga ƙofa sau ɗari a yini. Sai ya tsage, ya sha ruwa, tsatsa ta yi ta aiki a ƙarƙashinsa a ɓoye har ya faɗo dunƙule guda.

5. Lissafin mai mota a El Allassane Maïreyrey

Littattafan da aka rubuta a Turai kan wannan tambaya suna kwatanta abu biyu ne, kuɗin kayan aiki da kuɗin gareji. A yankinmu akwai abu na uku wanda yakan fi su nauyi, wato nisa. Mai mota sai ya kai ta Mayahi ko Tasawa, idan kuwa aikin na bukatar fenti mai kyau da haɗa launi, sai ya zarce Maraɗi, wadda ke da fiye da kilomita 100 daga Tasawa a kan babbar hanya ta ɗaya. Ga mai, ga abinci da makwanci, ga kwanakin da fenti ke ɗauka, kuma kowace ranar kasuwa da motar ta kwana a gareji kuɗin fasinja ne da suka tafi wurin wani. Kayan aikin kansu, fenti da mastik da takardar gogewa, daga waje suke zuwa, kuma waɗanda suka ga karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994 sun san yadda farashin irinsu ke bin canjin kuɗi.

Asiransi ma ba ta cika shiga wannan lissafi ba. Dokar CIMA, wadda ta fito daga yarjejeniyar Yawunde ta 1992 kuma ta fara aiki a 1995 a ƙasashen da suka haɗa da Nijar, ta wajabta asiransin ɓarnar da mota ta yi wa wani ne. Wanda ya tsaya a kan wannan wajibin kaɗai, ƙofarsa ba ta ciki. Idan kuma sa ne ya yi ɓarnar, magana takan ƙare a gaban maigari ko dattawa, tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a masallaci.

Saboda haka muna ganin ya kamata mai mota ya raba tambayar gida biyu. Idan ƙofa tana rufuwa daidai, madubi na hawa yana sauka, makulli na kamawa, to loɓawar za ta iya jira. A tsare ta daga tsatsa, a haɗa ta da tafiyar da dama za a yi birni domin wani gyaran. Idan kuwa ta taɓa bakin ƙofa ko layin jiki, ko ratar da ke tsakanin ƙofa da jiki ta canza, ko sai an ɗaga ƙofar kafin ta rufu, wannan ya wuce batun kyau. Ƙofar da ba ta kama sosai ba tana iya buɗewa a kan gargada da mutane a jingine da ita, kuma a motar kasuwa kullum akwai wanda ke jingine.

Ga wanda ya kai aiki, muna ba da shawarar ya nemi ganin ƙofar kafin a shafa mastik, lokacin da ƙarfen ke tsirara, domin a nan ne ake gane aikin da aka yi. Wanda kuma zai sayi mota ta hannu, ya tafi da ɗan mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle, ya bi jikin ƙofofin da shi. Inda ya kama sosai ƙarfe na kusa; inda ya saki, mastik ne mai kauri a ƙarƙashin fenti, sai fa idan ƙofar ta alminiyom ce, wadda mayen ƙarfe ba ya kama ta ko'ina.