Ko Kun Sani? Jirgin Ƙasan da Bai Wuce Taƙi Ba

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yaran Nassarawa da Bompai kan kwaikwaye shi da gwangwanayen madara, su ja da zare, bakinsu na yin ƙugin injin.

A Turai da Amurka kuwa, dattawa ne ke wannan wasa, kuma yana cin kuɗi. Jiragensu, da akan rage girmansu sau 87, na ɗauke da 'yar lasifika kamar farcen babban yatsa. Daga wayar hannu ma ana iya ba su umarni: jirgi ya yi huci, ya busa usur, ya tashi, duk da sautin da aka naɗo daga jirgin gaske.

Mafi girman irin wannan layin dogo yana Hamburg ta Jamus, an buɗe shi a 2001.