2.4 Labaran Binciken Laifi Masu Ɗauke da Sihiri a Birnin Zamani

Wannan nau'i na ƙagaggun labarai ya samu ne daga haɗuwar rassa biyu na adabin Turawa. Reshe na farko shi ne labarin ɗan bincike mai zaman kansa, irin Philip Marlowe da Raymond Chandler ya ƙirƙiro a 1939. Na biyu kuwa shi ne tatsuniyoyin Arewacin Turai, inda ake samun wasu halittu da ake kira elf, masu siffar mutane da tsawon rai da ƙarfin sihiri. Ba daidai ba ne a fassara su da aljanu kai tsaye, domin a irin waɗannan labarai ana ganinsu ido da ido, har su yi kasuwanci da mutane.

Babbar matsalar da ke fuskantar marubucin irin wannan labari ita ce ta warwarar jigo. Labarin bincike yana tafiya ne bisa hujjoji, ta yadda mai karatu zai iya bin sawun mai laifi tare da tauraron labari. To, idan kuwa sihiri zai iya tona kowane asiri nan take, ke nan binciken ya rushe tun daga shafin farko. Saboda haka dole marubuci ya gindaya wa sihirin ƙa'idoji. Misali, a cikin Storm Front (2000) na Jim Butcher, 'yan sandan Shikago sun nemi taimakon matsafi Harry Dresden kan kisan wasu mutum biyu. Sai dai akwai majalisar matsafa da ta haramta kisa da sihiri, kuma shi kansa Dresden ta sa masa ido, don haka ya zama mai bincike kuma abin zargi a lokaci guda. Wannan dabara ita ce ta riƙe littafin.

Haka nan ana amfani da halittun wajen nuna bambancin aji. A fim ɗin Bright (2017), elf su ne attajiran birnin Los Angeles, yayin da ake wulaƙanta jinsin ok, har wanda ya shiga aikin ɗan sanda daga cikinsu bai tsira daga tsangwamar abokan aikinsa ba. Sai dai fim ɗin ya gaza ta fuskar bincike, domin sandar tsafin da ake rikici a kanta ta fi kowace hujja tasiri a ƙarshen labarin.